Mahfuz da Ƙiyasin Gidajen Fadaman Mada

Duk shekarun da Mahfuz ya yi a Abuja aikinsa ɗaya ne, riƙe bakin tef. Kamfanin da ya yi wa aiki na masu ƙiyasta darajar gidaje ne, irin waɗanda banki ko kotu ko magada kan kira su zo su faɗi abin da gida zai yi a kasuwa. In an je gida, oga ya tsaya a wannan kusurwa, Mahfuz ya ja bakin tef zuwa waccan, ya danne da babban yatsa har sai an ce ya saki. In an gama ya ɗauki jakar oga ya kai mota.

Amma da ya dawo Bauchi, ya sauka a Fadaman Mada da farar hular kwano da 'yar shara mai ɗaukar ido irin ta ma'aikatan titi, sai labari ya sake kama. A teburin mai shayi, rabin Maitama shi ya yi mata kuɗi.

"Akwai wani gida," in ji shi yana juya cokali a kofi, "ina shiga, iskar falon kawai na shaƙa, na ce miliyan ɗari takwas. Sai da aka kawo wa mai gidan kujera."

Ɗanlarai mai faci, wanda rumfarsa ke jikin teburin, ya ɗago daga tayar da yake fama da ita. "Wato dai dillali ka zama."

"Wane irin dillali? Dillali baki yake sayarwa. Ni ilimi ne. Ni zan duba gida in ce ga darajarsa."

"To in ka faɗa, wa zai saya?"

"Ba ruwana da mai saye."

"Wa zai sayar?"

"Shi ma ba ruwana da shi."

Ɗanlarai ya ajiye ƙarfen hannunsa. "Tsaya in fahimta. Mutum na zaune a gidansa lafiya, ka zo ka gaya masa kuɗin gidan, ya biya ka, ka tafi, shi kuma ya ci gaba da zamansa."

"Ka fara ganewa."

"Allah ya kawo kasuwa," in ji Ɗanlarai, ya koma kan tayarsa.

Abin da ya hana Mahfuz zama wuri ɗaya shi ne shagon da ke jikin gidan Kawu Ashiru, ƙanin mahaifiyarsa, inda ya sauka. Shagon a bakin titi yake, mai haya ya tashi, ƙofa a rufe. Kullum sai Mahfuz ya tsaya gabansa ya rungume hannu yana hango allo a sama da sunansa da manyan baƙaƙe. Yau ya ce zai buɗe ofis, gobe ya ce Bauchi ta yi masa kaɗan, jibi ya dawo yana auna ƙofar da tef. Har Kawu ya gaji ya kira shi zaure.

"Mahfuz, ka ishe ni da zarya. Ga shagona na tayil a kasuwar Muda Lawal yana neman mai hannu. In ka yarda, gobe ma ka fara."

"Kawu, ni da ɗaukar kwali? Mutumin da ya yi wa Maitama kuɗi?"

"Takardar shaidar aikin naka fa, tana ina?"

"Tana Abuja, hatimi ake buga mata."

Kawu ya shafa gemu. "To ji nan. Juliana tela ta daɗe tana bina a kan shagon nan, ba ta taɓa yi min maganar Maitama ba, kekenta kawai take neman inda za ta ajiye. Ƙarshen wata zan yi walimar tarewa a sabon gidana na Gwallameji. Kafin ranar ka kawo min magidanci ɗaya, ɗaya tal, ya ce da bakinsa aikinka ya amfane shi. In ka kawo, makulli naka ne. In ba ka kawo ba, na Juliana ne, kai kuma mu haɗu a Muda Lawal."

"Ɗaya, Kawu? Ka tanadi tabarmi. Layi za su yi."

Washegari Mahfuz ya sa hular kwano ya nufi gida mafi girma a layin, benen Alhaji Kabiru, ya yi sallama. Alhaji ya fito yana sakace.

"Alhaji, alheri na kawo maka. Ƙiyasi zan yi wa gidanka, kyauta, don kai ne na farko."

"Madalla. To yi mana. Ga shi nan a gabanka."

"A'a, ai sai na shiga. In duba ɗakuna, kicin, banɗaki, in auna ko'ina."

"Ɗakunan wa?"

"Duka. Har uwar ɗaka."

Alhaji Kabiru ya cire tsinken daga bakinsa. Ya dubi Mahfuz, ya dubi rubutun BA SHIGA da ke jikin get, ya sake duban Mahfuz. "A Abuja haka kuke yi?"

"Har sif muke buɗewa."

"To nan Bauchi ne. Ƙanina da muke ciki ɗaya a zaure yake tsayawa. Ka gaida Kawun naka."

Haka aka yi masa a gida na biyu da na uku. A na huɗu ma mai gidan sai da ya tambaye shi ko dai akwai wadda ya gani a ciki ne yake kewaye-kewaye. Duk shekarun da ya yi yana riƙe tef, bai taɓa tunanin cewa a unguwarsu rabin sana'ar tana bayan labule ba.

Amma Mahfuz ba ya rasa dabara. Ya samo doguwar gora, ya ɗaure wayarsa a kai da tsumma, ya kunna bidiyo, ya zagaya bayan katangar Alhaji Kabiru ya ɗaga. Yana juya gorar a hankali, hagu, dama, sai ya ji an cafke ta daga ciki. Ya ja, aka ja. Ya tokare ƙafa da bango ya ja da ƙarfi, aka saki, ya zauna daɓas a cikin kwata da gora a hannu, babu waya.

Da la'asar aka aiko masa da wayar. Ya buɗe bidiyon da sauri ko zai ga ɗan wani abu na gidan. Babu abin da ke ciki sai fuskar Hajiya Zakiyya, matar Alhaji, ta cika gilashin, tana yi masa bayanin danginsa ɗaya bayan ɗaya tun daga kakarsa ta wajen uba.

A nan ne ya tuna da yayarsa Khadijatu, wadda ke aure a bayan layinsu. Ita mace ce, babu gidan da ba ta shiga, kuma babu suna ko biki da ake yi a Fadaman Mada ba da ita ba.

"Yaya, matsayi zan ba ki. Mataimakiyar mai ƙiyasi, sashen cikin gida. Ki shiga, ki duba, ki zo ki ba ni rahoto."

"Ziyara dai kake so in yi?"

"Ziyara ta ilimi."

Khadijatu ta yafa mayafi. Ta fara da gidan Hajiya Zakiyya, ta dawo fuska a murtuke.

"Ɗaki nawa ne?" in ji Mahfuz.

"Ɗakuna dai ga su nan."

"Ƙasan tayil ne ko siminti?"

"Wa ya kalli ƙasa? Mahfuz, matar nan na zauna a falonta, firiji na ƙugi a gabana, ta kawo min ruwan randa. A kofin roba."

"Wato akwai matsalar ruwa. Bango fa, Yaya, kin ga tsaga?"

"Matar da ta zo sunan Ummina da sabulu ɗaya kake tambaya ko gidanta da tsaga? Ko'ina tsaga ne."

Mahfuz ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji abin da dama yake zargi.

Daga nan ta shiga gidan Ɗanlarai mai faci. Gidan ƙasa ne, katangarsa ta gaba ta sunkuyo tana gaida masu wucewa, an tokare ta da itace biyu. Amma matar gidan, Zahra'u, aminiyar Khadijatu ce tun suna 'yan mata. Khadijatu ta dawo tana goge baki.

"Ka ji gida. Ina shiga ta shimfiɗa min darduma, ta kawo masa da zafinta. Ga iska."

"Iskar ta ina take shigowa?"

"Ta ko'ina. Har ta sama."

"Iska ta kowace fuska," in ji Mahfuz. "A Abuja wannan kaɗai kuɗi ne."

Da safe ya hau bencin mai shayi ya yi gyaran murya. Ya sanar da jama'a cewa bayan bincike mai zurfi, gidan Malam Ɗanlarai ya yi miliyan sittin. Benen Alhaji Kabiru kuwa miliyan tara, shi ma albarkacin get.

Mai shayi ya ci gaba da tsiyaya har kofi ya cika ya zubo. Ɗanlarai ya miƙe a hankali daga gaban taya, ya juya ya kalli gidansa kamar yau ya fara ganinsa.

"Sittin ka ce?"

"Ban da itatuwan tokaren."

"Ni dama na san yaron nan da ilimi," in ji Ɗanlarai. "Tun ranar da ya zo nake faɗa."

Mahfuz ya kama hannunsa. "Za ka faɗa wa Kawu haka ranar walima?"

"Har da rantsuwa."

Kafin sati ya zagayo Ɗanlarai ya rufe rumfar faci, ya ce mai miliyan sittin ba ya tsugunno gaban taya. Ya ɗinka babbar riga, ya sayi carbi mai ƙyalli, ya fara amsa gaisuwa da hannu ɗaya. Labari ya kai ƙauyensu ta wajen Darazo, sai ga 'yan'uwa sun sauka da tabarminsu, har da wani tsoho da ya ce shi ya yi wa uban Ɗanlarai wankan jego, abin da babu wanda ya gane yadda aka yi. Suka cika zaure, suka ce sun zo taya murna, kuma babu alamar murnar za ta ƙare.

Alhaji Kabiru kuwa ya daina tsayawa gaisawa bayan sallar magariba, saboda duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya haɗa da jaje.

Sauran magidanta suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, kowa yana cewa shi ba wai ya damu ba ne, amma a duba masa nasa don a san gaskiya. Khadijatu ta shiga wannan ta fita wancan. Maza ba su gane komai ba, amma mata tun a gida na uku suka gano inda farashi yake fitowa. Sai kwanuka suka fara tafiya gidan Khadijatu. Wannan ta aiko ɗanwake, waccan ta aiko dambu, wata ta aiko turmin atamfa ta ce tsarabar ƙanwarta ce ta yi mata yawa. Ita Hajiya Zakiyya da kanta ta taka, da kular farfesun kaji da katan ɗin lemo, ta ce dama tun ranar nan firijin ne ya lalace.

Da yamma Khadijatu ta kira Mahfuz. "Gidan Hajiya Zakiyya nan, ka sake duba shi. Ina jin ban kalle shi da kyau ba. Gida ne na mutunci."

"Tsagar fa?"

"Ta haɗe."

Washegari benen Alhaji Kabiru ya tashi daga miliyan tara zuwa casa'in.

Tun daga nan teburin mai shayi ya koma kamar wajen 'yan canji. Kowace safiya Mahfuz ya hau benci ya faɗi farashin yau, maza sun kewaye shi da kofuna a hannu. Gidan da ya kwana a sama ya wayi gari a ƙasa. Wani malamin makaranta gidansa ya faɗi da rabi saboda matarsa ta wuce Khadijatu a layin awo ba ta gaishe ta ba. Wani mai kanti nasa ya ninka a rana ɗaya, shi kansa bai san an yanka zakaransa ba sai da ya nemi cara ya rasa. In an tambayi Mahfuz dalili, sai ya taɓa hular kwano ya ce, "Kasuwa ce. A Abuja ma haka take, tana numfashi."

Shi har ga Allah haka ya ɗauka. Har ya je wajen mai zanen allo ya ce a fara rubuta sunansa.

Ana saura kwana kaɗan walima, Zahra'u ta aika a karɓo mata babbar tukunyarta da Khadijatu ta ara tun bikin bara, saboda baƙin Darazo sun fi ƙarfin ƙaramar. Khadijatu ta bayar da tukunya, ta yafa mayafi ta zo ta sami Mahfuz.

"Gidan Ɗanlarai, ka san rufin nan a buɗe yake?"

"Ba shi ne iskar ba?"

"Wace iska? Rami ne. Kana zaune kana ganin shaho."

Da safe Mahfuz ya hau benci ya sanar, cikin alhini, cewa gidan Malam Ɗanlarai ya koma kuɗin fili kawai, kuma a cire ladan masu kwashe ƙasa.

Ɗanlarai na zaune a gaba da babbar rigarsa. Ya tashi ya tafi gida. Jim kaɗan ya dawo, babu babbar riga, da ƙarfen cire taya a hannu, bayansa Alhaji Kabiru da malamin makaranta da mai kanti.

"Sauko," in ji Ɗanlarai.

"Ina jin ka daga nan."

"Jiya da daddare na kwanta da miliyan sittin. Ban yi gobara ba, ban yi ambaliya ba. Ina suka tafi?"

"Kasuwa ce, tana..."

"Tukunya ce. Zahra'u ta gaya min komai. Tukunyar tuwo ta cinye min miliyan sittin, ga mutum goma sha a zaurena suna jiran abincin rana, ga masu keke duk sun koma wajen wani mai facin."

Mahfuz ya waiga wajen Alhaji Kabiru. "Alhaji, kai ai ka ga amfanin aikin. Casa'in fa."

"Casa'in ɗin ce ta kawo ni. Da kana cewa tara, jaje kawai nake sha. Tun da ka ce casa'in, kwamitin masallaci ya bar min rufin gaba ɗaya, surukina ya turo yaransa biyu in sa su jami'a, kajina kuma ban san inda suke zuwa ba. Ka mayar da ni tara."

"Alhaji, ba a mayar da ƙiyasi haka kawai."

"Gidan wa ka taɓa shiga a layin nan?" in ji malamin makaranta. "Faɗi ɗaya."

Mahfuz ya waiga titi. Allah ya taimake shi wani keke mai ƙafa uku ya rage gudu a bakin kwata, ya yi tsalle daga benci ya faɗa ciki bai tambayi inda za shi ba.

Ranar walima Gwallameji ta cika. Gidan Kawu Ashiru sabo fil, fenti na ƙamshi. An kafa rumfa a waje don maza, manya kuma suna falon baƙi da ke bakin get. Cikin gida tun safe mata suka mamaye shi, matan Fadaman Mada kaf, cikin ankon da Juliana ta ɗinka, ita ma tana ciki ana ta yaba mata hannu.

Bayan an yi addu'a, Kawu ya ciro makullin shago daga aljihu ya ɗora a kan gwiwarsa. "Mahfuz, na shimfiɗa tabarmin. Ina layin?"

Mahfuz ya dubi Ɗanlarai, Ɗanlarai ya dubi silin. Ya dubi Alhaji Kabiru, Alhaji ya shiga neman wani abu a cikin hularsa.

"Kawu, ai magidancin da nake nufi kai ne. Wannan gida zan yi wa ƙiyasi, yau, da idona, gaban kowa. Ni ɗanka ne, babu mai hana ni shiga."

"Matata na ciki," in ji Alhaji Kabiru.

"Da tawa," in ji Ɗanlarai.

"Da tawa," in ji mutum wajen ashirin daga rumfa.

Mahfuz ya bi idon Ɗanlarai zuwa sama. A kusurwar falon akwai 'yar ƙofar da masu wayarin suka bari a jikin silin. Fuskarsa ta washe.

"Dama ƙwararre ba ta ƙofa yake duba gida ba. Ta sama ake bi. Daga can zan ga katako, in ga kwano, in ƙirga ɗakuna ta kan bango, ba tare da na ga ko gefen mayafi ba. A kawo tsani."

"Mahfuz, silin nan ado ne, ba ya ɗaukar mutum," in ji Kawu.

"Kawu, a kan katako zan taka. Ka san silin nawa na shiga a Maitama?"

Ko ɗaya bai taɓa shiga ba. Aka kawo tsani, saboda babu wanda ke son a ce shi ya hana jama'a kallo. Mahfuz ya gyara hular kwano, ya kunna fitilar waya, ya haye, ƙafafunsa suka ɓace.

Da farko abin ya tafi daidai. Muryarsa na saukowa daga sama, tana yin nisa a hankali. "Katako mai kyau. Kwano mai kauri. Kawu, a nan kaɗai ka haura miliyan talatin." Kawu ya ɗan gyara zama, don ko ba komai magana ce mai daɗi. "Ɗaki na ɗaya. Ɗaki na biyu. Arba'in."

Sai dai rana ta take, kwano ya ɗauki zafi kamar tanda. Gumi ya cika masa ido, hular kwano ta zamo ta rufe masa hanci. Ya ɗaga hannu zai gyara, wayar ta suɓuce ta mutu. Ya tsaya a duhu, ƙafa ɗaya a kan katako, ɗaya tana lalube. Ya ji wuri mai faɗi, mai santsi, ya ce a ransa wannan ai ya fi katakon ma kyau.

A babban falon cikin gida mata na zaune an jera manyan robobin masa da baho guda na miyar taushe. Hajiya Zakiyya da Khadijatu na kujera ɗaya suna ci a kwano ɗaya, Zahra'u na can nesa tana hararar su. Sai farin gari ya fara zubowa a kan ɗankwalin Hajiya. Ta ɗaga kai. Silin ya yi ƙara, ƙafa ta ɓullo har gwiwa, da takalmi sau-ciki, tana wutsil-wutsil.

Aka watse da salati, wasu suka yi kicin, wasu suka haye kujeru. Da aka ga ƙafar ba ta da niyyar bin kowa, sai aka dawo aka kewaye ta.

"Wannan takalmin na san shi," in ji Hajiya Zakiyya. "Khadijatu, ba na ƙaninki ba ne?"

Khadijatu ta kalli ƙafar sama da ƙasa. "Takalma ai suna kama."

"Yaya, ni ne," in ji silin. "Ki ce a turo ni sama."

Maza sun ji ihu sun rugo, amma duk suka yi cirko-cirko a bakin ƙofar tsakar gida. Kowa matar wani na ciki, babu mai iya sa ƙafa. Kawu ya tsaya a bakin labule yana ɗaga murya. "Lafiya? Me ya faru?"

"Kawu, baƙo ka yi ta sama," in ji Juliana daga ciki. "Rabinsa ya iso, muna jiran sauran."

"Ku tura shi ya koma."

Wasu suka kawo muciya suna turawa sama. Zahra'u kuwa ta ce ita a saninta abin da ya fito ba ya komawa, ta kama idon sawu ta rataya. Masu turawa na turawa, mai ja na ja, takalmi ya fita a hannun wata. Silin ya yi wata doguwar ƙara kamar ana yaga sabon yadi, Mahfuz ya sauko gaba ɗaya, da hula da 'yar shara da rabin adon falon, ya zauna a cikin bahon miyar taushe.

Babu abin da ya karye a jikinsa, miyar ma ta huce. Ya zauna a ciki yana ƙifta ido, fari fat daga kai zuwa ƙirji, ja daga ƙugu zuwa ƙasa. Mata suka kewaye shi suna kallonsa. Hajiya Zakiyya ta karkaɗe ɗankwalinta, ta zagaya shi a hankali, hannu a baya.

"To jama'a, ga kaya ya sauko. Nawa za a yi masa?"

"Akwai tsaga?" in ji wata.

"A kai take, ba a gani daga waje."

"Iska fa?"

"Ta ko'ina," in ji Zahra'u. "Har ta sama."

"Ni na saya ɗari biyu," in ji matar malamin makaranta, "amma a cire ladan wanki."

"Khadijatu, ke ce sashen cikin gida. Me kika ce?"

Khadijatu ta dubi miyar da ba ta kai ga ƙarawa ba. "Kuɗin fili kawai."

Da guɗa aka rako shi har bakin labule, aka miƙa wa maza shi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, yana ɗiga. Rumfa ta kwashe da dariya har liman sai da ya rufe fuska da rawani. Kawu Ashiru bai yi dariya ba. Ya leƙa ta taga, ya ga ramin da ke tsakiyar sabon falonsa, wayoyi na lilo, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo.

"To mai ƙiyasi. Ka shiga, ka gani da idonka. Nawa gidan ya yi?"

Mahfuz ya share miya daga gira, ya gyara tsayuwa. "Kawu, da safe ko yanzu?"

Kawu ya ɗaga murya ta kan labule. "Juliana."

"Na'am, Kawu."

"Miƙo hannunki."

Hannu ya fito ta gefen labule, Kawu ya saka makullin a ciki, hannun ya koma. Aka sake rangaɗa guɗa daga ciki.

"Kai kuma Litinin da sassafe, Muda Lawal. Akwai tirelar tayil da za a sauke."

"Dama tun ina sama na gama shawara," in ji Mahfuz. "Garin nan bai kai buɗe ofis ba tukuna. Gara in fara sanin kayan gini daga tushe."

Ya juya zai fita, jama'a na darewa don kada ya shafe su. Ɗanlarai ya miƙa hannu ya cire masa yankin kabewa daga bayan kunne. Mahfuz ya tsaya a bakin get, ya waigo ya dubi mazan Fadaman Mada da suka cika rumfa, ya ɗaga yatsa.

"Amma dai ku shaida. Duk cikinku ni kaɗai na shiga."